Rumbun da Aka Fasa wa Ƙofa

"Ina rumbuna?"

Zulai ba ta ɗago ba. Tana bakin murhu tana tankaɗe garin dawa, kamar ba da ita nake ba.

"Matar Yaya, da ke nake. Ina ɗan rumbun da na ajiye cikin adudu, ƙarƙashin zannuwana?"

"Au, wannan abin wasan yaran?" Ta karkaɗe rariya. "Ya koma wurin mai shi."

Na matso bakin murhun.

"Wa ya mayar?"

"Ni. Tun ranar Juma'a. Na aika a ce masa kin ce ya riƙe kayansa, kin samu mai ɗaki."

Sunana Atika, mutuniyar Ikara. Abin nan ya faru da kaka, shekara biyu da samun mulkin kai. Lokacin ni bazawara ce. Mijina na fari ya rasu ba mu cika shekara ba, na gama takaba na dawo gidan yayana Gwadabe, don iyayenmu duk sun riga mu gidan gaskiya.

Mai ɗan rumbun kuwa sunansa Ɗan'azumi.

Shekara arba'in da shida ban faɗi sunan nan da bakina ba. Magini nake ce masa. Yau ga shi na rubuta.

Maginin rumbun ƙasa ne, gari-gari yake bi. Ba shi da gida, ba shi da ko bukka. Yana da wata al'ada da ta sa ake masa dariya: duk rumbun da ya gina, sai ya kwana ɗaya a ciki kafin ya danƙa wa mai shi. Ya ce da rana ido yana ruɗin mutum, amma in ka kwanta cikin duhu, jikinka zai gaya maka inda iska take shiga, inda danshi yake, inda ɓera zai samu hanya. Saboda haka mutanen Ikara suka sa masa Ɓeran Rumbu.

A gidanmu ya yi kwana ashirin yana yi wa Yaya gini. Ni nake kai masa ruwan kwaɓi. Ranar da zai tashi ya miƙo mini ɗan rumbu kamar dunƙulen hannu, gasasshe, har da murfinsa, da shaidar yatsunsa uku a wuya, irin wadda yake yi wa duk gininsa.

"Farfara," ya ce, don haka yake kirana, da sunan farar dawa. "Ba ni da abin da ya fi wannan. In kin riƙe, zan dawo da magabatana. In kin mayar, na gane."

Na riƙe. Zulai ce ta mayar, don tana da ƙane, Mamuda, dillalin hatsi a Makarfi, mai keke da tocila da ɗaki mai rufin kwano, shi take so in aura.

Muna cikin haka Yaya ya shigo daga gona.

"Yaya, ka san abin da matarka ta yi?"

"Na sani. Ni na ce ta yi." Ya jingine fartanya. "Atika, ina za ki tare? Mutumin da yake kwana inda ake zuba dawa? Ya nuna mini ɗaki ɗaya tak da zai ce nasa ne, ni da kaina zan ba shi ke."

"Ka faɗa, Yaya."

"Na faɗa. Kuma ba zai nuna ba."

Zulai ta yi dariya. "Ya ma tafi. Yana wajen Kudan yana gama na ƙarshe, daga nan sai jirgi, zai tafi Kaduna aikin masaƙa. Da bakinsa ya gaya wa ɗan aiken ya bar gini."

Na ci tuwo, na wanke kwanuka, na yi musu sai da safe.

Kafin kiran assalatu na ɗaure ƙuli-ƙuli da mazarƙwaila a bakin zane, na fita ta dangar baya.

*

Ku 'yan matan yanzu, mota ce take kai ku Kudan daga Ikara kafin shayi ya huce. Ni kwana uku na yi, don ban bi babbar hanya ba, ta cikin gonaki na riƙa ratsawa. Kuma tafiyar ba ita ce wahala ba, wurin kwana ne. A lokacin, mace baƙuwa in ta shiga gari ita kaɗai, gidan maigari ake kai ta, a tambaye ta 'yar wace ce, a riƙe ta har a zo ɗaukarta. Na san Yaya zai aika ko'ina. Duk gidan da na yi sallama, na kai kaina ne.

Saboda haka na yi wa kaina alkawari: ba zan kwana ƙarƙashin rufin kowa ba.

Magariba ta farko ta same ni kusa da wata tsohuwar kuka a bakin hanyar Makarfi. Kowa ya san ta. Ana cewa tana da masu ita, ko makiyaya ba sa hutawa a inuwarta. Gindinta yana da kogo, bakinsa kamar ƙofar akurki, sai an durƙusa.

Na tsaya ina kallonta, ita ma kamar tana kallona.

Na ce, "Masu gida, in kuna nan, baƙuwa ce. Kwana ɗaya zan yi, ba zan taɓa muku komai ba."

Na yi bisimilla na shiga.

Ciki ya fi ɗakina na gidan Yaya faɗi. Amma wari! Kashin jemage ya kai idon sawu, su kuma suna sama suna ta ƙananan koke-koke. Na share gefe ɗaya da reshe, na yi taimama na yi salla, na karanta Ƙulhuwallahu har na rasa lissafi, don ita na fi iyawa.

Bayan isha na ji ƙarar kekuna. Haske ya gifta bakin kogon.

Muryar Yaya ce. "Sawunta ya biyo nan. Mamuda, haska cikin kukar."

"Haba Yaya Gwadabe... wace mace ce za ta shiga nan?"

"Ba ka san Atika ba. Haska."

"To ai... batir ɗin ya yi sanyi. Mu bari sai da safe."

Na danne hancina da zane, amma ƙurar kashin jemagen nan ta riga ta shiga. Na yi iya ƙoƙarina.

Atishawa ta ƙwace mini.

Cikin kogo, ƙarar ta fito kamar kukan bijimin sa. Jemagu suka tashi gaba ɗaya suka yi waje ta kan fuskokinsu. Na ji keke ya faɗi, na ji Mamuda yana kiran sunan uwarsa, na ji Yaya yana a'uziyya yana cewa, "Tsaya mana, kai, tsaya!"

Na yi dariya har hawaye, ni kaɗai cikin duhu. Daga baya kuma dariyar ta koma kuka, don na tuna Yaya ne ya goye ni ranar da aka binne Inna.

Da asuba na tarar da takalmi sau-ciki ƙafa ɗaya a bakin kogon. Na ɗaure shi cikin ƙunshina.

*

Rana ta biyu na riƙa ganin aikin Magini a ƙauyukan hanya. Duk sabon rumbun da na hango ta kan danga, sai in duba wuyansa. Yatsu uku. Sai in ji ƙafata ta ƙara ƙarfi.

Amma dare na biyu a Makarfi ya same ni, garin Mamuda, inda kowace mai sayar da ƙosai ta san yana neman wata 'yar Ikara. Babu kuka, babu daji, ko'ina gona ce an girbe.

A bayan gari na ga karofi, wurin masu rini. Ramuka ne jere, kowanne da murfin ciyawa mai kama da malafa. Tun da atamfar kanti ta yi yawa, rabin ramukan an daina aiki da su. Na riƙa ɗaga murfi ɗaya-ɗaya har na samu wanda babu ruwa, zurfinsa ya ɗan fi tsayina.

Na zura ƙafa na dira, na jawo murfin.

Ba a miƙe ƙafa a ramin rini. A tsugune na kwana, gwiwa a haɓa, kamar ɗa a ciki. Ƙasan kuma ashe bai bushe ba, akwai laka mai sanyi. Amma babu sauro, babu kare, babu mai tambayata 'yar wace ce. Ta tsakanin ciyawar murfin ina ganin taurari biyu. Na sa wa ɗaya sunan Magini.

Da gari ya waye na gane kuskurena: shiga ta fi fita sauƙi. Bangon santsi ne da shi kamar cikin tulu.

Ina ta kokawa sai aka ɗaga murfin. Wani tsoho ne, hannayensa shuɗi har gwiwar hannu. Ya daɗe yana kallona.

"Mutum ko aljan?"

"Mutum ce, Baba. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?" Ya gyara tsugunno. "Shekara hamsin ina tsoma zane a ramukan nan, ban taɓa tsamo mace ba."

Ya miƙo doguwar sandar da yake motsa baban rini da ita, ya jawo ni. Sai na ga kaina. Hannaye, ƙafafu, zane, har gefen fuska inda na jingina, duk na rine.

"Kin kama kyau," in ji shi. "Saura bugu, ki yi sheƙi." Ya ce sunansa Ashafa. Ya ba ni ruwa da sauran dumamensa, yana kallona ina ci. "Ke ce wadda Mamuda yake nema da takalmi ƙafa ɗaya?"

Na ci gaba da cin dumamen.

"Wa kike bi?"

"Maginin rumbu."

"Mai kwana cikin gininsa? Yana Kudan, gidan Malam Abdulwahabu, bayan masallacin Juma'a. Jiya na ji masu jakuna suna cewa yau zai ɗora jinka." Ya goge hannu a riga. "'Yata, in an tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Amma na tsufa, ba na tuna abu da wuri. Sai wajen gobe da asuba zan tuna na gan ki."

Na durƙusa har ƙasa na yi masa godiya.

Yau zai ɗora jinka. Ke nan yau zai kwana a ciki, gobe ya tafi.

Na sa gudu.

*

Ana kiran magariba na isa Kudan. Rumbun yana bayan gidan Malam Abdulwahabu, a bakin gona, zaune kan duwatsu. Ban taɓa ganin babba kamarsa ba, zai ci dami ɗari biyu. Jinkarsa tana ƙasa ba a kai ga ɗorawa ba, tsani yana jingine, maza duk sun tafi masallaci.

Na san dokar. Kowace 'yar manomi ta san ta. Mace ba ta shiga rumbun maigida, ko leƙawa ba ta yi. Ana cewa in ta shiga albarkar hatsin ta tafi. Ni kaina Yaya ya taɓa marina ina ƙarama don na hau tsani.

Amma in na tsaya a waje, matan gidan za su gan ni, a kai ni gidan maigari. In na jira safiya, ya tafi.

Na hau.

A bakin akwai sanda a gicciye da igiya mai ƙulli-ƙulli. Na bi ta na sauka. Tabarmar Magini tana shimfiɗe, ga butarsa, ga madaɓin da yake daɓe ƙasa da shi. Ko'ina ƙamshin sabuwar ƙasa da ramno, ciyawar da ake kwaɓa ta da ita. Na dafa bango don in zauna, ashe yaɓen ciki bai gama shan iska ba. Tafin hannuna ya zauna a jiki, shuɗi.

Bayan isha tsanin ya motsa. Hasken aci-balbal ya leƙo, sannan fuskarsa.

Ya kusa sakin fitilar.

"Innalillahi... wane ne?"

"Ni ce, Magini."

Ya ƙura mini ido.

"Farfara?" Ya ƙara miƙo fitilar. "Me ya same ki? Wa ya rina ki?"

"Kai ka rina ni. Kwana uku ina bin ka."

"Ke da kika mayar mini da..."

"Ban mayar ba. Sace shi aka yi daga aduduna."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan rumbun. Ashe yana jikinsa duk kwanakin nan. Ya riƙe shi yana kallo.

"Na so in jefa shi rijiya," ya ce. "Sau uku ina zuwa bakin rijiyar."

"Miƙo mini abina."

Ya ɗaura shi a igiya ya zuro. Na sa shi a ƙirjina.

Sai hankalinsa ya dawo. "Farfara, fito. Don Allah fito kafin a gani. Kin san abin da kika yi? Malam ba zai zuba ko zangarniya ɗaya a nan ba. Wata guda ina ginin nan."

"Ba zan fito ba."

"Zuciyata, ki ji..."

"Na kwana cikin kuka, na kwana cikin ramin rini. Yau na samu wuri mai tabarma, ka ce in fito? In na fito a mayar da ni Ikara, kai ka shiga jirgi. A'a."

Ya daɗe a kan tsanin. Sannan na ji ya yi wata 'yar dariya, irin ta wanda ya sallama.

"To ni ba zan shigo ba."

"Wa ya ce ka shigo?"

Ya sauka ya shiga ƙarƙashin rumbun, tsakanin duwatsu, inda kaji suke fakewa. Bayana yana bisa, shi yana ƙasa, taƙi ɗaya na ƙasa a tsakaninmu. In ya yi magana ina jin ta a haƙarƙarina.

"Farfara."

"Na'am."

"Tunda kin ƙwace mini wurin kwana, sai ki yi mini aikin. Kina jin iska?"

"Babu."

"Danshi fa? Shafa gindin bango."

"A bushe yake."

"Saurara da kyau. Motsin ɓera?"

"Ɓera ɗaya nake ji, yana ƙarƙashina, ya cika surutu."

Ya yi dariya har rumbun ya amsa.

Can na ce, "Magini, akwai 'yar kafa ta gabas, kusa da wuya. Kamar bakin allura. Ina ganin hasken wata ta ciki."

Ya ce a hankali, "Shekara goma sha biyu ina gini, ban taɓa samun wanda ya taya ni dubawa ba."

*

Da aka sallame asuba, shi da kansa ya je ya gaya wa Malam Abdulwahabu. Kafin rana ta ɗaga, rabin Kudan yana bayan gidan. Ina jin su kamar kasuwa. Sai kuma ƙarar kekuna. Baba Ashafa ya tuna.

"Atika!" Muryar Yaya. "Fito nan."

"Ina kwana, Yaya? Ba zan fito ba."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Kai nake gaya wa, da girmanka."

Mamuda ya ce, "A kawo gatari a fasa shi kawai."

"Duk wanda ya ɗora ƙarfe a ginin nan," in ji Magini, ban taɓa jin muryarsa haka ba, "sai ya fara da ni."

"To a sauka a ɗauko ta," in ji Mamuda.

Na ɗaga madaɓi na buga a ƙasa don su ji. "Bakin rumbun nan mutum ɗaya yake ci, kuma ƙafa ce take fara shigowa. Bismilla."

Babu wanda ya hau.

Wata murya mai nauyi ta ce a yi shiru. Malam Abdulwahabu ne, dattijo, ban ma ga fuskarsa ba sai daga baya.

"Yarinya, kin san kin ɓata mini rumbu?"

"Na sani, Baba. Ka yafe mini. Ban samu wata ƙofar ba."

"Budurwa ce ke ko bazawara?"

"Bazawara."

"Kin gama idda?"

"Tun bara."

"To bakinki za a ji. Wa kike so?"

"Wanda ya gina inda nake zaune."

Na ba shi labarin ɗan rumbun da yadda aka mayar da shi da ƙarya. Mamuda ya fara cewa shi bai san zancen ba, shi mutum ne mai mutunci, ba a taɓa ganin ya gudu daga gaskiya ba.

Na kwance ƙunshina, na wurga takalmin ta bakin rumbun. Na ji ya faɗi tim.

"Ga sau-cikinka, Mamuda. Ka bar shi a bakin kuka. Ni ce na yi atishawar."

Wallahi har yau ban ƙara jin dariya irin ta ranar ba. Har Malam sai da ya yi tari. Da ta lafa, an ce Mamuda ya ɗauki takalminsa ya hau keke, bai yi wa kowa sallama ba.

Amma Yaya bai yi dariya ba.

"Malam, ni ba ƙin sa nake ba. Marainiya ce, amana ce a hannuna. Ba shi da ɗaki. Na ce ya nuna mini ɗaki ɗaya nasa, in ba shi ita."

"Haka ka ce?"

"Haka na ce, gaban iyalina."

Malam ya yi gyaran murya. "To ni dai ba zan zuba hatsina inda mace ta kwana ba, haka na gada. Magini, za ka gina mini wani a cikin gida. Wannan kuwa na bar maka, da ƙasar da yake kai, daga nan zuwa tsamiyar can. Ba ni da abin da zan yi da shi."

Na ɗaga murya. "Yaya, ga ɗakinsa. Ina ciki."

"Wannan rumbu ne."

"Yana da bango, yana da daɓe, ga jinka a ƙasa. Na kwana a ciki, ba ya yoyo. Ɗaki ɗaya ka ce."

Yaya ya juya baya. Ya je gindin tsamiya ya zauna. Hantsi ya wuce, rana ta take. Cikin rumbun ya zama kamar tanda. Matan gidan Malam, da bai kamata su ko kalli wajen ba, suka aiko mini da fura a ƙwarya aka zuro da igiya. Wata tsohuwa ta ce a gaya mini in zauna daram.

Bayan azahar tsanin ya motsa. Fuskar Yaya ce ta toshe hasken.

Ya kalle ni. Ƙafafuna sun kumbura, duk ƙaya, ga shuɗi har kumatu.

"Dubi yadda kika mayar da kanki," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, don kada na waje su ji.

"Yaya..."

"Da gaske ke ce cikin kukar?"

"Ni ce."

"Ke da ko bayan gida ba kya zuwa da dare sai na riƙe miki fitila." Ya goge ido da hannun riga. "Haka kike son sa, Atika?"

"Haka, Yaya. In ka mayar da ni, zan sake fitowa. Akwai sauran ramuka a Makarfi."

Ya girgiza kai.

"Taurin kan Inna kika ɗauko," ya ce. Ya sauka.

Na ji yana cewa a kira liman.

A gindin tsamiyar aka ɗaura, da la'asar, Yaya ne waliyyi, Malam Abdulwahabu ya tsaya wa ango. Ina ciki na shafa fatiha. Sai Magini ya hau tsani, fuskarsa kamar an kunna fitila.

"Amarya, kama igiya."

"A'a."

"Farfara, kuma me ya rage?"

"Ta sama na shiga kamar ɓarauniya. Matar gida ta ƙofa take fita."

Ya kalle ni, ya kalli gininsa na wata guda. Ya sauka ya ɗauko gatarin da ya hana a taɓa. Ya zana ƙofa ta gabas, daidai ƙarƙashin 'yar kafar da na nuna masa, ya fara sara a hankali. Da ƙasar ta faɗi, haske ya shigo, sannan hannunsa.

Ya kalli bango ya ga tafin hannuna. Ya dangwala yatsu uku a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya danna a gefensa.

*

Bai je Kaduna ba. Shekara huɗu muka yi cikin rumbun nan kafin ya gina mana ɗakuna, a ciki na haifi 'ya'yana biyu. Bayan nan ma duk kaka sai ya sake masa yaɓe, amma yana kewaye wurin hannayen nan, ba ya taɓawa.

Watan jiya, da ciwo ya yi tsanani, ya ce a fitar da shi daga ɗakin siminti a kai shi can. Na kwanta kusa da shi.

"Farfara... kina jin iska?"

"Babu."

"Danshi fa?"

"A bushe yake, Magini."

"To ginin ya yi," ya ce.

Kafin asuba ya cika.

Yanzu a ciki nake takaba, a ciki nake wannan rubutun. Shekaranjiya ɗana Inuwa ya zo daga Zariya da wani mai awo. Wai titi ya iso bakin tsamiya, in an rushe tsohon rumbun za a fitar da shaguna uku. Ya tsuguna a bakin ƙofa yana lallashina.

"Inna, ginin ya tsufa. Babu mai yi masa yaɓe yanzu, damina ɗaya zai zube. Ki fito ki koma ɗaki mai fanka."

Na ce ya aiko mini da ƙasa jaki biyu da ramno. Shekara arba'in da shida ina miƙa ruwan kwaɓi, na san yadda ake yi.

"Inna, don Allah ki fito mu yi magana."

Na ɗora hannuna kan shuɗin nan. Ya koɗe, amma har yanzu daidai yake da tafina, yatsu uku suna gefensa.

Na ce, "Kawunka Gwadabe ya fi ka murya, kuma da mutanen gari ya zo."

Ban fito ba.